A Kula Da Yadda A Ke Kwantar Da Jarirai

Daga cikin irin rashin da a kan yi a gida, da wuya a sami wanda ya fi ruɗa iyaye kamar na jaririn da aka kwantar da dare lafiya lau, ya sha nono ya ƙoshi, ba zazzaɓi ba gudawa ba tari, gari ya waye a je ɗaukarsa a tarar rai ya yi halinsa. Ba wanda ya ji kukansa, ba wanda ya ga motsinsa. A ƙasar Hausa idan haka ta auku, dattawa su kan ce kwana ne ya ƙare, su ba uwa haƙuri. Amma ba a nan maganar ta kan tsaya ba. Bayan an share makoki sai raɗe-raɗi ya tashi, wannan ya ce maye ne, wancan ya ce iska ce, wata ta ce ai uwar wabi ta ke yi, wata kuma ta juya ta kalli ɗakin kishiya. Zargi irin wannan ya kan raba zumunci, har ya kashe aure. Tun da ya ke kuma a kan rufe jariri a ranar, ba tare da likita ya duba shi ba, irin wannan mutuwa ba ta shiga littafin kowa.

Babu mai musun cewa ajali a hannun Allah ya ke. Duk da haka ba a taɓa ganin mai hankali ya bar rijiyar gidansa a buɗe, yara suna wasa a bakinta, ya ce ai sai mai ƙarar kwana zai faɗa ba. Fiye da shekara 50 ke nan likitoci suna bin diddigin wannan mutuwa, kuma sun tabbatar cewa yadda aka kwantar da jariri, da shimfiɗar da aka kwantar da shi a kai, da wanda ya kwana kusa da shi, suna da hannu a cikinta ƙwarai. Ƙasashen da suka gyara waɗannan abubuwa sun rage ta da fiye da rabi, ba da allura ba, ba da ƙwaya ba.

ABIN DA LIKITOCI SUKA GANO

A shekarar 1969 aka yi wani taron likitoci a ƙasar Amurka, inda wani masani mai suna Dokta Bruce Beckwith ya ba wannan abu suna, wanda ma'anarsa da Hausa ita ce mutuwar fuju'a ta jarirai. Abin da a ke nufi da sunan a yau shi ne mutuwar yaron da bai cika shekara ɗaya ba, wadda ko da an bincika gawarsa, da wurin da ya kwana, da tarihin lafiyarsa, ba a gano dalilinta ba. Bayan ita akwai 'yar'uwarta, watau shaƙewa a cikin barci, kamar a ce bargo ya rufe wa jariri hanci, ko ya maƙale tsakanin katifa da bango, ko babba ya danne shi. Dukansu biyu rigakafinsu ɗaya ne.

Abin ya fi aukuwa ga jariri mai wata 2 zuwa wata 4, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda su ke rasuwa ta haka ba su wuce wata 6 ba. Ya fi samun maza bisa mata. Ya fi kuma samun bakwaini, da jaririn da aka haifa ba nauyi, da wanda uwarsa ta sha taba sa'ad da ta ke ɗauke da cikinsa.

A 1994 Dokta Hannah Kinney ta birnin Boston da wani abokin aikinta suka bayyana cewa sai abu uku sun haɗu wannan mutuwa ta ke aukuwa. Na farko, jaririn yana da wani rauni a ɓoye a sashen ƙwaƙwalwa mai kula da numfashi da farkawa daga barci. Na biyu, yana cikin waɗannan watanni na farko da jikinsa bai gama koyon sarrafa numfashi ba. Na uku, wani abu ya zo masa daga waje, kamar kifa shi a kan ciki, ko zafi mai yawa, ko hayaƙi. Babban mutum idan hancinsa ya nutse cikin matashin kai, nan da nan ya ke farkawa ya juya. Jariri mai wancan rauni kuwa ba ya farkawa, sai ya yi ta shaƙar iskar da ya fitar har ƙarfinsa ya ƙare, ba tare da ya yi kuka ba. Raunin nan ba a gane shi da ido, watannin nan kuma ba wanda ke tsallake su, saboda haka abu na uku ne kaɗai ya ke hannun iyaye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

KUSKUREN DA YA CI RAYUKA

Abin mamaki shi ne, daga bakin likitoci ne ɗabi'ar kifa jarirai ta yaɗu a Turai da Amurka. Akwai wani shahararren likitan yara na Amurka, Dokta Benjamin Spock, wanda littafinsa na renon jarirai ya fito a 1946 aka sayar da miliyoyinsa. A bugun da aka yi wa littafin a ƙarshen shekarun 1950, ya ba iyaye shawara su riƙa kwantar da jariri rub da ciki, don tsoron kada ya ƙware da tumbuɗinsa. Maganar ta yi kama da ta hankali, ungozomomi da malaman asibiti suka karɓa, amma ba wanda ya gwada ta ya ga gaskiyarta. Ta haka aka yi shekaru wajen 30 ana kifa jarirai, mutuwar fuju'a tana ta hauhawa.

A 1985 wani likita ya lura cewa a Hon Kon, inda gidaje su ke a cunkushe amma al'adar mutane ita ce kwantar da jariri rigingine, wannan mutuwa ba ta da yawa. A 1987 Farfesa de Jonge na ƙasar Holan ya fito fili ya gargaɗi iyayen ƙasarsa su daina kifa 'ya'yansu. Binciken da Dokta Peter Fleming ya yi a yankin Bristol na Ingila, da wanda Dokta Ed Mitchell ya jagoranta a Niyuzilan daga 1987 zuwa 1990, duk suka nuna abu ɗaya. A 1991 wata shahararriyar mai gabatar da shiri a talabijin ta Ingila, Anne Diamond, ta rasa jaririnta ta wannan hanya. Maimakon ta shige ɗaki da baƙin cikinta, sai ta tafi Niyuzilan ta ga abin da su ke yi, ta komo ta matsa wa gwamnati lamba, har aka buɗe gangamin wayar da kai a ƙarshen wannan shekara. A ƙarshen shekarun 1980 jarirai fiye da 1,500 ke rasuwa ta haka kowace shekara a ƙasar. Cikin 'yan shekaru kaɗan adadin ya ragu da fiye da rabi, daga baya kuma ya sauka ƙasa da 300.

A Amurka ƙungiyar likitocin yara ta ba da irin wannan shawara a 1992, gwamnati ta buɗe nata gangamin a 1994. A 1990 jarirai 130 cikin kowane 100,000 da aka haifa ke yin mutuwar fuju'a, a 2020 kuwa ba su kai 40 ba. A 2005 wata masaniya a Landan, Ruth Gilbert, da abokan aikinta suka lissafta cewa da an tattara hujjojin da ke akwai tun 1970 an yi aiki da su, da an tsirar da jarirai fiye da 10,000 a Ingila, da kuma aƙalla 50,000 a Turai da Amurka da yankin Ostireliya. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

RIGINGINE, DARE DA RANA

Doka ta farko ke nan: a kwantar da jariri a kan bayansa, watau rigingine, a kowane barci, na dare da na rana, har ya cika shekara ɗaya. Kwanciyar gefe ma ba ta da tabbas, domin jariri ya kan mirgina daga gefe ya kife, ga shi ba shi da ƙarfin komowa. Saboda haka ne likitocin Amurka suka janye ta daga cikin shawararsu a 2005. Tokare shi da matashi ko naɗaɗɗen zane don ya zauna a gefen kuma ƙara haɗari ne.

Abin da ke hana uwaye da kakanni yarda da wannan magana shi ne tsoron da ya ruɗi Dokta Spock, watau kada yaro ya yi tumbuɗi ya ƙware. Halittar maƙogwaro ita ce amsar. Hanyar iska tana ta gaban wuya, hanyar abinci tana bayanta. Idan jariri yana rigingine, hanyar iska ce a sama, ta abinci a ƙasa, saboda haka nonon da ya taso sai ya gangara ya koma inda ya fito, ko yaro ya haɗiye, ko ya yi tari ya fitar. Idan an kifa shi kuwa, hanyar abinci ta koma sama, abin da ya taso sai ya taru a bakin hanyar iska. Ƙasashen da suka koma kwanciyar rigingine ba su ga ƙarin mutuwa ta hanyar ƙwarewa ba.

Gaskiya ne jaririn da aka kifa ya fi yin barci mai nauyi, bai cika firgita ba, uwa ta sami sararin yin aikinta. To, wannan nauyin barci shi ne haɗarin, domin saurin farkawa shi ne garkuwar jariri. An kuma gano cewa yaron da ya saba kwana rigingine, idan wata rana wani ya kifa shi, haɗarinsa ya kan ninka sau da yawa. Don haka bai isa uwa kaɗai ta sani ba. Dole kaka ta sani, da goggo, da 'yar reno, da maƙwabciyar da a ke bar wa yaro in za a unguwa.

Idan yaro ya kai wata 5 ko 6 ya iya juyawa da kansa, daga baya zuwa ciki kuma daga ciki zuwa baya, sai a ci gaba da kwantar da shi rigingine, amma in ya juya da kansa ba sai an tashi an komo da shi ba. Masu naɗe jariri da zane kuwa su daina da zarar ya fara ƙoƙarin juyawa. Game da tsoron bajewar ƙeya, maganinta shi ne a riƙa kifa shi na ɗan lokaci sa'ad da ya ke farke, babba yana zaune yana kallonsa. Wannan yana ƙarfafa masa wuya da kafaɗu. Da zarar barci ya ɗauke shi sai a juya shi.

SHIMFIƊA

Doka ta biyu ita ce shimfiɗar jariri ta kasance mai ƙarfi, a miƙe, ba tudu ba kwari, kuma ba kome a kanta sai shi. Hanyar gwadawa mai sauƙi ce: a danna tafin hannu a kan katifar, in ya bar rami to ta yi laushi. Tsohuwar katifar soso da ta loma a tsakiya ba ta dace ba. Tabarma da aka shimfiɗa wa zane aka ja shi sosai ta fi ta aminci nesa ba kusa ba, kuma a nan talaka bai rasa kome ba.

Jariri ba ya bukatar matashin kai kafin ya shekara. Haka nan a kawar da tulin barguna, da 'yan tsana, da tufafin da a kan jibge a gefen gado. Ledar da a ke shimfiɗawa saboda fitsari a tabbata tana ƙarƙashin zane an cusa bakinta, domin leda in ta manne a fuskar jariri ba ya iya cire ta. Duk wani abu mai igiya da aka rataya masa a wuya, laya ce ko sarƙa ko zaren abin tsotso, a cire shi kafin barci. Idan za a rufa masa mayafi, ya zama marar nauyi, a ajiye ƙafafunsa a ƙarshen shimfiɗa, a cusa mayafin ta gefe da gefe, kada ya wuce ƙirjinsa.

Masu hali ma su yi hattara, domin tsada ba ta nuna aminci. A watan Afrilu na 2019 kamfanin Fisher-Price ya janye wani gadon lilo mai gangara da ya ke sayarwa, guda miliyan 4.7, bayan an danganta shi da mutuwar jarirai fiye da 30. A irin wannan gado kan jariri ya kan sunkuyo haɓarsa ta taɓa ƙirji, hanyar iska ta matse. A 2022 Amurka ta kafa dokar hana sayar da gadaje masu gangara, da kuma sosan da a ke ɗaurawa a jikin sandunan gadon jariri. Mai sayen kayan jarirai a gwanjo ya dubi abin da zai saya da kyau. Kujerar jariri ta mota kuma don tafiya aka yi ta, in an iso gida a fito da yaro a kwantar da shi a miƙe.

KWANA DA UWA

Nan ne maganar ta fi wuya, domin a ƙasar Hausa jariri da uwarsa a shimfiɗa ɗaya su ke kwana, kuma wannan yana sauƙaƙa shayarwa da dare. Shawarar ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, wadda ta sabunta a 2022, ita ce jariri ya kwana ɗaki ɗaya da iyayensa aƙalla wata 6 na farko, amma a kan shimfiɗarsa ta kansa, inda hannun uwa zai kai gare shi. Sun ce wannan yana iya rage haɗarin har da rabi.

Wanda ke zaune a ɗaki ɗaya da iyalinsa zai ce ina wurin gado na biyu, ina kuma kuɗinsa. Wasu al'ummomi sun riga sun amsa wannan tambaya. Ƙabilar Maori ta Niyuzilan, wadda ita ma al'adarta ce kwana da jariri, ta koma ga saƙa wani ɗan kwando mai faɗin gindi da gajeren gefe tun wajen 2006, a sa jariri a ciki, a ɗora kwandon a kan gadon iyaye. Yaro yana kusa da uwarsa, amma ba mai danne shi. A ƙasar Finlan tun 1938 gwamnati ke ba masu haihuwa akwatin kwali mai ɗauke da kayan jariri da 'yar katifa, wanda a ke iya kwantar da yaro a ciki. Ƙasar da masu saƙar kaba da kwando su ke a kowace kasuwa ba ta rasa abin yin irin wannan ba.

Ga wadda za ta kwana da jaririnta a shimfiɗa ɗaya, akwai sharuɗɗa. Yaro ya kasance rigingine, nesa da matashin kanta da bargonta. Kada a sa shi tsakanin manya biyu, kada kuma yayyensa su kwana kusa da shi, domin yaro ɗan shekara 3 in ya yi barci bai san inda ƙafarsa ta faɗa ba. A toshe ratar da ke tsakanin katifa da bango. Akwai kuma halin da bai kamata a haɗa shimfiɗa da jariri ba ko kaɗan: in ɗaya daga cikin iyayen yana shan taba, ko ya sha abin maye, ko maganin da ke kawo barci kamar wasu magungunan tari da mura, ko gajiya ta yi masa yawa, ko kuma jaririn bakwaini ne. Haɗarin ya fi yawa kafin yaro ya cika wata 4.

Wuri mafi muni duka shi ne kujerar kushin. Uwa ko uba ya zauna da jariri a ƙirji yana lallashi, barci ya sace shi, yaro ya zame ya maƙale a lungun kujera. Masu bincike sun lissafta cewa haɗarin ya kan ninka fiye da sau 20. Wadda ta ji barci yana fizgarta tana shayarwa, gara ta koma shimfiɗar da aka kawar wa tarkace.

Kada wani ya ɗauka raba shimfiɗa dalili ne na fitar da jariri daga gidan sauro. A Nijeriya zazzaɓin cizon sauro yana cikin manyan masu kashe yara. In gidan sauron ɗaya ne, a shigo da kwandon jaririn cikinsa. A kuma ja shi sosai a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ko tabarma, don kada ya sauko a kan fuskar yaro.

ZAFI DA HAYAƘI

Al'adar jego ta ginu ne a kan tsoron sanyi: wankan ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa, da gasa ɗaki da wuta har a yi arba'in. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka danganta yawan ciwon zuciya da ke kama masu jego a yankin da wannan zafi da kuma kanwa. Jaririn da ke kwance a ɗakin shi ma yana shan nasa rabon. Yawan zafi yana cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo mutuwar fuju'a, kuma ta kai da fuska jariri ya fi fitar da zafin jikinsa. Yaron da aka sa wa rigar sanyi da hula da safa, aka naɗe da tawul, aka rufa da bargo a ɗaki mai rufin kwano cikin watan Afrilu, yana cikin wahala ko da bai yi kuka ba.

Ƙa'idar ita ce a sa masa tufa ɗaya bisa abin da babba ya ke jin daɗi da shi a ɗakin. In ana son a san halin da ya ke ciki, a taɓa ƙirjinsa ko bayan wuyansa, domin hannu da ƙafar jariri sun saba yin sanyi ko da jikinsa da ɗumi. In an ji gumi a rage tufa. Kada a rufe masa kai in yana barci a ɗaki. Bakwaini ne ke da hukunci dabam, shi sai a bi abin da malaman asibiti suka ce.

Lokacin hunturu a kan shigar da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, irin wadda injin janareta ke fitarwa, wadda ta sha kashe iyali guda cikin dare ɗaya a biranen ƙasar nan. Jariri ne ta ke fara kayarwa. A ɗumama ɗaki in ana so, amma a fitar da kaskon kafin a kwanta, a bar kafar shigar iska. Turaren wuta da maganin sauro na kunnawa su ma hayaƙi ne, huhun jariri bai ƙosa da zai ɗauke su ba. Maigida mai shan sigari ko shisha ya sani cewa hayaƙinsa yana cikin manyan dalilan wannan mutuwa. In bai iya bari ba, to ya nisanci ɗakin da yaro ya ke.

NONO, RIGAKAFI DA GOYO

Wani bincike da aka buga a 2017, wanda ya haɗa sakamakon bincike 8 na ƙasashe dabam dabam, ya nuna cewa shayar da jariri nonon uwa na aƙalla wata 2 yana rage haɗarin mutuwar fuju'a da kusan rabi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba jariri nono zalla, ba ruwa ba koko, har wata 6. Amma binciken lafiyar jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran Nijeriya ke samun haka. Binciken ya kuma nuna cewa cikin kowane jarirai 1,000 da aka haifa, 67 ba su kai shekara ba. Yawancin waɗannan cututtuka ne da wahalar haihuwa ke ɗauke su, amma abin da ke tsare yaro daga wannan yana tsare shi daga wancan. Allurar rigakafi ma haka ta ke, an bincika an tabbatar ba ta jawo mutuwar fuju'a, yaran da aka yi wa ita ma sun fi tsira. Kada kuma a ba jariri wani magani ko jiƙo don ya yi barci.

Goyo gado ne mai kyau, amma yana da ƙa'ida. A ɗaure majanyi sosai yadda yaro ba zai zame ya dunƙule ba, fuskarsa tana gefe, hancinsa a sarari. Wadda ta yafa mayafi ko hijabi mai kauri a kan goyonta cikin rana ta riƙa dubawa a kai a kai. In ya yi barci kuma an iso gida, a sauke shi a kwantar rigingine. Akwai kuma dabarar ɗora bakwaini a ƙirjin uwa fata da fata, wadda aka fara a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a 1978, kuma ta ceci jarirai masu yawa. Wannan a kan yi ta ne bisa koyarwar malaman asibiti, ba ta kuma zama hujjar kifa yaro a kan katifa ba.

AIKIN KOWA NE

A yawancin gidaje mai jego, musamman ta haihuwar fari, ba ita ke da ta cewa a kan jaririnta ba. Uwarta ko uwar mijinta ce ke wanka, ita ke naɗewa, ita ke kwantarwa, kuma kunya ba ta barin yarinya ta ce, Inna ba haka a ke yi ba. Saboda haka wayar da kai da ya tsaya a ɗakin awon ciki bai kai inda a ke bukata ba. Binciken 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 ne kawai na haihuwa a ke yi a asibiti. Ya kamata ma'aikatun lafiya na jihohi su sa wannan darasi cikin horon da a ke ba ungozomomin gargajiya, gidajen rediyo su riƙa maimaita shi da Hausa, a kuma faɗe shi a wurin suna da makarantun matan aure. Maigida shi ma yana da nasa: shi zai nemo kwando ko ƙaramin gado tun kafin haihuwa, shi zai fitar da janareta nesa da taga, kuma shi ya fi kowa sanin yadda zai yi wa mahaifiyarsa bayani cikin ladabi.

Ga iyayen da wannan rashi ya riga ya same su, bayanin nan ba tuhuma ba ne. Akwai jariran da a kan rasa ko da an kiyaye kome, kuma wanda bai sani ba ba a kama shi da laifin sani. Abin da ya wajaba ga dangi shi ne su rufe bakin masu zargi, su tsaya wa uwar, in kuma Allah ya sake ba ta haihuwa a taimake ta ta kiyaye waɗannan ƙa'idodi. Duk jaririn da aka ga numfashinsa yana sama sama, ko leɓensa ya canza launi, ko ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya saki, a garzaya da shi asibiti nan take, kada a jira gari ya waye.

Allah ya raya abin da aka haifa, ya ba iyaye ikon riƙon amana.